Inshora da 'Ya'yanmu Masu Tuƙi: Wa Takardar Nan Take Karewa a Ƙasar Gumel?

Duk wanda ya san hanyar Gumel zuwa Maigatari a ranar Alhamis ya san ba hanyar wasa ba ce. Tun da sanyin safiya manyan motocin shanu ke jerin gwano, ga ƙananan motocin fasinja an cika su maƙil, ga babura ɗauke da awaki da buhunan riɗi, ga raƙuma da amalanke suna ratsa kwalta a duk inda suka ga dama. Abin da ba kowa ke lura da shi ba shi ne shekarun waɗanda ke riƙe da sitiyari. Da yawansu samari ne da ba su daɗe da barin sakandare ba, 'ya'yanmu da ƙannenmu da muka miƙa wa makulli domin su kai mahaifiyarsu asibiti, ko su ɗauko taki, ko su kai baƙo tasha. A aljihun gaban kusan kowace mota kuwa akwai wata takarda a naɗe, wadda ba a buɗe ta sai an ga shingen 'yan sanda. Sunanta inshora. Tambayar da nake son iyaye a Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar su yi wa kansu ita ce: wa takardar nan take karewa, kuma ranar da abu ya faru, za ta yi aiki?

A Ingila, ranar da yaro ya samu lasin tuƙi rana ce ta murna a gare shi, amma ta ciwon kai ga iyayensa, domin kamfanonin inshora na can suna ɗora wa matashin direba kuɗi mai yawa, wani lokaci har ya haura kuɗin tsohuwar motar da aka saya masa. Shi ya sa suke da shafukan intanet da ba su da wani aiki sai jera farashin kamfanoni gefe da gefe, iyali su duba su zaɓa, in shekara ta zagayo su sake dubawa su sauya sheƙa. Wasu kamfanonin kan saka wata 'yar na'ura a motar yaron tana lura da gudunsa da yadda yake taka birki, in ya natsu a rage masa kuɗi. Uban da ya rubuta sunansa a matsayin mai tuƙa motar kullum alhali ɗansa ne ke tuƙa ta, zamba ya yi a idon dokarsu. A watan Janairun 2022 ma sai da hukumar da ke sa ido kan harkokin kuɗi ta ƙasar ta hana kamfanoni su caji tsohon abokin hulɗa fiye da sabo a inshorar mota da ta gida. Ba ƙiyayyar matasa ce ta kawo tsadar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya na kashe mutum kimanin miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29.

To amma wanda ya ɗauko wannan tsari na Turawa ya ce zai dasa shi a ƙasar Gumel, ya jahilci inda matsalarmu take. A Nijeriya farashin ƙaramar inshorar mota, wadda doka ta wajabta, ba abin ciniki ba ne. Hukumar kula da inshora ta ƙasa, wato NAICOM, ita ta yanke shi. Daga ranar 1 ga Janairun 2023 ta ɗaga shi daga Naira 5,000 zuwa Naira 15,000 ga motar gida, ta kuma ɗaga iyakar diyyar dukiyar da aka lalata wa wani daga Naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Babur Naira 3,000 ne, adaidaita sahu Naira 5,000, babbar motar dakon kaya Naira 100,000. Saboda haka duk wanda ya ce maka zai samo maka ita a Naira 5,000 ko 7,000 ba rangwame ya yi maka ba. Takarda kawai ya sayar maka, kuma masu iya magana sun ce araha ba ta ado.

Wajabcin kuwa ba sabo ba ne. Tun 1945, zamanin Turawan mulkin mallaka, aka kafa dokar. Dokar inshora ta 2003 ta ƙarfafa ta. A ranar 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda, bisa umarnin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, suka fara tsananta bincikenta a hanyoyi. Sannan a ƙarshen watan Yulin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan sabuwar dokar da ta maye gurbin waɗancan duka. Shekara 80 ke nan ana tilasta wa mutane sayen abin da ba a taɓa zama an bayyana musu shi da harshensu ba.

A nan ne sana'ata ta shigo, domin ni malamin harshe ne, kuma na daɗe da yarda cewa rabin wannan matsala a cikin kalmomi take. Kalmar inshora aro ce daga Ingilishi. Ta shigo Hausa da sautinta, amma ta baro ma'anarta a Ikko. Ka tambayi direbobi goma a tashar Gumel mece ce inshora, mafi yawansu za su ce maka takardar da ake nuna wa 'yan sanda ce. Sunan da aka ba ƙaramar inshorar ma, in aka fassara shi kai tsaye, shi ne inshorar mutum na uku. Ɗalibaina na nahawu sun san mutum na uku: ba mai magana ba ne, ba wanda ake yi wa magana ba ne, shi ne wanda ake magana a kansa ba ya wurin. To haka yake a nan. Kai mai mota kai ne na farko, kamfani shi ne na biyu, na ukun kuwa shi ne wanda bai halarci cinikin ba kuma bai san an yi ba: yarinya mai tallan gyaɗa a bakin kwalta, tsoho mai keke, makiyayin da ya koro shanunsa daga ƙetare, mai shagon da motarka za ta afka wa. Wannan takarda ba za ta gyara maka motarka ba, ba za ta biya kuɗin asibitin ɗanka da ke tuƙi ba. Aikinta shi ne ta ɗauke maka nauyin haƙƙin wani: ransa, lafiyarsa, dukiyarsa.

Da an faɗa wa Bahaushe haka tun farko, da ya gane, domin yana da kalmar tun kafin zuwan Bature. Kalmar ita ce lamuni. Daga Larabci muka aro ta, kuma ta bi hanyar da alƙali da lalura da lamiri da farilla suka bi, inda harafin lodi na Larabawa ya koma lam a bakinmu. Wanda ya karanta Risala a zaure ya san malaman Malikiyya sun ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan mai hawanta da mai jan ta da mai kora ta. Ya kuma san cewa diyyar kisan kuskure, raƙuma 100 ko dinari 1,000, ba a bar wa mai kuskuren shi kaɗai ba, an raba ta a kan danginsa, waɗanda ake kira aƙila. Mota dai ita ce dokin wannan zamani. Abin da ya sauya shi ne dangi sun warwatsu, wani yana Kano, wani yana Fatakwal, kowa yana fama da kansa, nauyin da a da gida ɗari ke ɗauka yanzu kan faɗo a kan uba ɗaya.

Na ga wannan da idona a gidan wani yayana da ke wani ƙauye a yankin Sule Tankarkar. Ɗansa, yaro mai hankali ɗan shekara 20, yana dawowa da magariba ya buge wani sa da ya ratso hanya. Allah ya tsare rayuka, amma san ya karye, dole aka yanka shi aka sayar da naman a wulaƙance. Da aka ce a ɗauko takardar inshora, sai aka tarar an saye ta ne a hannun wani mutum da ke zama a gindin bishiya kusa da ofishin sabunta takardun mota, kuma da aka bincika lambar motar babu ita a rajistar kowane kamfani. A gaban dagaci aka sasanta, riɗin da aka ajiye domin auren 'yarsa shi ya tafi. Da na tambaye shi me ya sa bai bincika ba, sai ya ce da ni: "Malam, ai ni na ɗauka haraji ne. Wa ya taɓa biyan haraji ya koma yana tambayar me zai samu?"

Binciken kuwa ba ya cin minti biyu. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Nijeriya tana da rumbun bayanai da ake kira NIID, inda kowace takarda ta gaskiya ke shiga. Ana iya dubawa ta intanet, ana kuma iya danna *565*11# a waya, a saka lambar mota. In ba ta fito ba, ka koma wa wanda ya sayar maka tun kuɗinka bai huce ba. Wannan shi ne kwatancen farko da ya kamata iyali su yi: ba tsakanin mai tsada da mai araha ba, tsakanin ta gaske da ta bogi.

Sai dai takarda ta gaske ma tana da sharuɗɗa, kuma a nan ne iyayen samari suka fi faɗawa rami. Yarjejeniyar kan rufe mai motar da duk wanda ya tuƙa da izininsa, amma da sharaɗin yana da lasin mai aiki. Doka ba ta ba da lasin sai ga wanda ya kai shekara 18. Mu kuwa mun san yadda abin yake: yaro ɗan shekara 14 kan babur ya goyo ƙannensa uku zuwa Islamiyya, ɗan shekara 16 yana juya mota a ƙofar gida, uban yana murmushi yana cewa ya iya. Ya iya ɗin, amma ranar da ya buge wani, kamfani zai tambayi lasin, kuma rashinsa hujja ce babba a hannun kamfani. Haka nan motar da aka yi wa inshora a matsayin ta gida, in yaro ya ɗebi fasinja a hanyar Maigatari domin ya samu kuɗin mai, ta zama motar haya, kuma ba ita aka yi yarjejeniya a kanta ba. Na san za a ce ai kowa na yi, musamman tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Gaskiya ne. Amma yawan masu yi ba ya goge abin da aka sa wa hannu.

Wanda ke da hali ya sayi babbar inshora, wadda ke biyan gyaran motarsa ko sata ko gobara, shi ne yake da abin kwatantawa sosai. NAICOM ta ce kada kuɗinta ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar mota; wato motar Naira miliyan 8 ba za ta gaza Naira 400,000 a shekara ba. Tunda ƙasan farashin a yanke yake, bambancin kamfani da kamfani yana cikin ƙananan rubutun da ba mu karantawa. Akwai wani kaso na kowace asara da mai mota ke ɗauka da kansa kafin kamfani ya fara biya, kuma sau da yawa ana ƙara wannan kaso in matashi ne ko sabon direba ke tuƙi lokacin haɗarin. Ka tambaya nawa ne. Ka tambaya ko sai an rubuta sunan yaron. Ka tambaya a wane gareji za a yi gyara, domin in kamfani ya ce sai garejinsa na Kano, kimanin kilomita 120 daga Gumel, to wa zai biya kuɗin janwe? Kuma kada ka ɓoye cewa ɗanka ne zai fi tuƙa motar don gudun ƙari. Yarjejeniyar inshora a kan faɗin gaskiya aka gina ta, abin da ka ɓoye a ranar saye shi za a tono a ranar biya.

Akwai kuma batun iyaka, wanda mutumin Dutse ko Birnin Kudu bai cika damuwa da shi ba, amma ga Bamaigatare lamari ne na yau da kullum. Tun 1982 ƙasashen ECOWAS suka kafa tsarin katin inshora na bai ɗaya domin motar da ta tsallaka iyaka, kuma farashin da aka sanya a 2023 ya haɗa da shi. To amma an rufe iyakar bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris na 2024, sannan a Janairun 2025 Nijar ta fice daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso. Duk wanda ɗansa ke shiga ƙasar Damagaram da mota, kada ya dogara da zato. Ya nemi kamfani ya rubuta masa a takarda ko lamuninsa ya tsallaka iyaka, in bai tsallaka ba ya sayi na can kafin ya wuce shinge.

Ban manta da abin da ke zuciyar mai karatu ba, wato halacci. Mutanenmu da yawa ba sakaci ne ya hana su inshora ba, tsoron Allah ne, kuma ba su yi ƙarya ba: majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta ce inshorar kasuwanci da aka saba ba ta halatta ba saboda garari da ke cikinta, ta kuma nuna cewa mafita ita ce inshorar taimakekeniya. Wannan ita ce takaful. Masu Larabci sun san cewa awon kalmar kansa yana nuna aikin da ake yi wa juna, wato kowa ya lamunci kowa. A Sudan aka fara ta a 1979, Malesiya ta yi mata doka a 1984, NAICOM ta fitar da ƙa'idojinta a 2013, kuma a 2016 aka ba Jaiz Takaful da Noor Takaful lasisi, wasu suka biyo baya. Abin da mahalarta suka zuba gudummawa ce a asusun da yake nasu, kamfani wakili ne da ke karɓar ladan wakilci, ba a juya kuɗin a harkar ruwa, in kuma shekara ta ƙare da rara ana iya raba wa waɗanda ba su nemi biya ba. Wanda ya san gayya da adashi da gudummawar biki ba baƙo ba ne a wannan tunani. Sai dai ina gargaɗi: sunan Larabci ba ya maye gurbin bincike. Tambayoyin da za ka yi wa wancan kamfani, ka yi wa wannan, ka ƙara da cewa nawa ne ladan wakilcin, kuma yaushe suka raba rara na ƙarshe.

Sauya kamfani kuwa haƙƙinka ne, ba cin amana ba ne, kuma lokacinsa shi ne ƙarshen shekarar yarjejeniya. Kada a bar ko kwana ɗaya a tsakani, domin ƙa'idar ita ce ba biya, ba lamuni: sai kuɗi ya shiga sannan kariya ta fara. Wanda ya yi shekaru bai nemi biya ba ya karɓi takardar shaida daga tsohon kamfanin, ita zai nuna wa sabon ya nemi sassauci. Ya kuma duba sunan sabon a jerin waɗanda NAICOM ta amince da su, musamman da yake dokar 2025 ta ɗaga jarin da ake buƙata ga kamfanin da ke irin wannan inshora zuwa Naira biliyan 15, abin da kan tilasta wa ƙanana su haɗe ko su rufe. Amma ma'aunin da ya fi duka shi ne wanda ba a rubuta shi a ko'ina: ka nemi mutum ɗaya da ka sani wanda wannan kamfani ya taɓa biya, ka tambaye shi wata nawa ya jira, sau nawa ya je Kano.

Batun gida zan taƙaita, domin gaskiyarsa mai ɗaci ce. Mafi yawan gidajen karkararmu na ƙasa ne, kuma kamfanoni ba sa rububin su, alhali su ne ruwan sama ke rushewa, kamar yadda Jigawa ta gani a daminar 2022, su ne kuma guguwar farkon damina ke yaye wa kwano. Wanda ya gina na bulo a Gumel, ma'aikaci ko ɗan kasuwa, shi ne zai samu mai saurarensa. Shi ma ya kula da abu biyu. Inshorar gobara zalla ba ta biyan ɓarnar ambaliya ko iska sai an ƙara su da suna. Sannan ya rubuta kuɗin da zai sake gina gidan a yau, ba wanda ya kashe shekara 10 da suka wuce ba. In gidan da sake gina shi zai ci Naira miliyan 20 ka rubuta miliyan 10, gobara ta ci na miliyan 6, to miliyan 3 za a ba ka, domin rabi ka lamunta. In kuma kana tara buhunan riɗi ko zoɓo a ɗakin zaure, ko samarin gidan suna ajiye jarkokin fetur na sayarwa, ka faɗa tun farko. Wanda ya tuna abin da fetur ya yi a Majiya a watan Oktoban 2024, inda fiye da mutum 150 suka rasu, ba sai an yi masa dogon bayani kan jarka a cikin gida ba.

Laifin duk da haka ba na iyaye kaɗai ba ne. Kamfanonin da ke kukan cewa Arewa ba ta sayen inshora su ne ba su da ko teburi a garuruwa huɗun nan, suka bar fili ga mai gindin bishiya. Takardunsu kuma an rubuta su da Turancin lauyoyi wanda ko mu da muke koyarwa a jami'a sai mun karanta sau biyu. Ina kira ga NAICOM ta wajabta wa duk kamfanin da ke sayar da inshorar mota a jihohin Hausa ya haɗa da shafi ɗaya tak da Hausa, mai faɗin wa aka lamunta, wa ba a lamunta ba, wa ya halatta ya tuƙa, da lambar da za a kira daga wurin haɗari. Sassan Hausa na jami'o'inmu da Kwalejin Ilimi ta Gumel suna da waɗanda za su daidaita kalmomin cikin mako guda. Masarautar Gumel kuwa, wadda a gaban hakimanta da dagatanta ake sasanta irin waɗannan rigingimu, tana da ikon ta tara shugabannin direbobi da na 'yan acaɓa da wakilan kamfanoni a kasuwar Maigatari, a karanta shafin a bainar jama'a, a amsa tambayoyi. Kuma a buga shi da boko da ajami duka biyu, domin a cikin dillalan shanu da direbobin da ke cika wannan kasuwa akwai da yawa da ajami suka fi karantawa.